Farantin da Na Miƙa wa Ihlas

Sai da muka yi awa biyar a mota, birni ya ɓace a bayanmu, babu komai a gefen titi sai yashi da raƙuma jefi-jefi, sannan na yarda cewa ejan ɗin da ya yi mini hanya a Kano ƙarya ya shirga mini. Babban asibiti ya ce, a babban birni a Saudiyya, aikin ɗakin gwaje-gwaje irin wanda na sani. Direban da ya ɗauko ni daga filin jirgi ba ya jin Turanci, ni kuma Larabcina na Islamiyya ne, in karanta amma ba in yi hira ba. Duk sanda na tambaye shi sai ya nuna gaba da haɓa, ya ce saura kaɗan.

Sunana Rabi, 'yar Tudun Kaya ce ni a ƙasar Ƙaraye. Shekara takwas na yi ina gwajin jini da fitsari da majina a wani ƙaramin asibiti a cikin Ƙaraye, kafin mijina ya rasu ya bar mini yara biyu. Su na bar wa Inna, mahaifiyata, na fito nema.

Garin da muka sauka ƙarami ne, mafi yawan mutanensa masu kiwon raƙuma da awaki. Asibitin na kuɗi ne, bene hawa biyu. Shugaban ɗakin gwaje-gwajen, wani dogon mutum mai sanyin murya da ake kira Dakta Munir, ya karɓi fasfona da murmushi ya ce za su adana mini shi. Ya miƙo mini takarda da Larabci, na sa hannu, don ban ga wata hanyar ba.

A gidan ma'aikata mata ina zaune a bakin gado, ko mayafina ban cire ba, sai aka ƙwanƙwasa. Wata mace ce baƙa, siririya, ta yafa doguwar lafaya, da kwano a hannunta. Ta dube ni ta ce, "Sannu da zuwa. Kin gaji? Ga tuwo."

Da Hausa ta faɗa. Hausa ce mai nauyi, irin ta tsofaffi, harshenta yana karkata zuwa Larabci, amma Hausa ce. Ban san sanda hawaye suka zubo mini ba. Sunanta Ihlas, 'yar Sudan ce. Kakarta daga ƙasar Katsina ta taso da ƙafa za ta aikin hajji, guzuri ya ƙare a hanya, ta zauna a can ta yi aure. A bakin kakar ta koyi Hausa. Ita ma a ɗakin gwaje-gwajen take, a ɓangaren ƙirga ƙwayoyin jini, mijinta kuma yana aiki a wani kantin magani a garin. Shekararsu tara da aure, Allah bai ba su haihuwa ba.

Ita ce ta karanta mini takardar da na sa wa hannu. Ta karanta ta sake karantawa, sannan ta ce, "'Yar uwa, a nan ba a rubuta ke ma'aikaciyar gwaji ba ce. Mai wanke-wanke aka rubuta."

Wata uku na yi ina wanke kwalabe da goge benci. A gida an riga an fara kirana Hajiya a waya, alhali ko hanyar Makka ban gani ba. Ranar Juma'a in na kira Inna, nakan ji kukan awaki da dakan maƙwabta a bayan muryarta, in yi ta jan hirar don kada sautin ya yanke. Ban gaya mata aikin da nake yi ba.

Wanda ke riƙe da ɓangaren shuka ƙwayoyin cuta wani dattijo ne ɗan Indiya, Mista Tomas, mai furfura da ƙaramin tabarau. Da Turanci muke magana da shi. Ga wanda bai san aikin ba, ƙwayar cuta ba a gane ko wace ce sai an shuka ta. Ana zuba mata abinci a faranti, ya daskare kamar romon ƙafar saniya da ya kwana, a shafa jinin ko majinar mara lafiya a kai, a rufe a sa a akwatin ɗumi. Washegari sai a ga ta tsiro ɗigo-ɗigo. Mafi yawansu haka suke, ba su da wuyar sha'ani.

Amma akwai wani dangi da Malam Ɗanjuma, wanda ya koya mini aiki a Ƙaraye, yake kira 'yan gata. In an rina su a kan gilashi ja-ja suke fitowa, ba shuɗi ba, kuma ƙanana ne ƙwarai. Tsirfa gare su, ba sa cin abincin kowa. Wasu sai an dafa musu jini ya koma kalar cakulan. Wasu sai an rufe farantinsu a cikin gwangwani da kyandir a kunne har ya mutu don kansa, saboda iskar da muke shaƙa ba ta yi musu. Wasu kuma sai sun kwana uku ko huɗu kafin su leƙo. A cikinsu akwai mai sa wa jarirai sanƙarau, da mai kawo tarin shiƙa, da mai ruɓar da rauni in kyanwa ta ciji mutum. Da yake a Ƙaraye ba mu da na'urori, Malam ya koya mana aiki da ido da hanci. Yakan ce hanci ma kayan aiki ne. Ya buɗe faranti ya kai hanci, ya faɗi sunan ƙwayar, kuma sau da yawa a tarar haka ne. Ni ce na fi kowa iya wannan a cikin ɗalibansa, kuma ina alfahari da shi.

Wata rana aka kawo ruwan ƙashin bayan wani jariri mai sanƙarau. Ƙwayar ta fito a farantin dafaffen jini, ta ƙi fitowa a na ɗanyen jini. Na'urar da ke faɗin suna kuwa kayan aikinta sun ƙare, ba a kawo sababbi ba. Ina goge benci na ga Mista Tomas ya zuba wa farantin ido. Na yi ƙarfin hali na ce, "Mista Tomas, ko a ja mata layi?"

Ya ɗago kai ya ce, "Wane layi?"

Na ce a shafa ta a farantin ɗanyen jini, sannan a ja layi ɗaya a tsakiya da wata ƙwayar, irin mai kawo maruru. In Himofilus ce, ɗaya daga cikin 'yan gatan nan, ba za ta iya cin abincin ita kaɗai ba, sai a gefen layin, inda waccan ta sakar mata abin da take so. Ya cire tabarau ya daɗe yana kallona, sannan ya tura mini kujera ya ce, "Zauna ki yi."

Da safe muka buɗe akwatin ɗumi, ga su nan sun jeru a gefen layin kamar 'yan tsaki a gindin turmi, nesa da shi kuwa babu ko ɗaya. Mista Tomas ya yi dariya ya ce ya fi shekara ashirin rabon da ya ga an yi wannan. Ni kuma daɗi ya ɗebe ni, na ɗaga farantin dafaffen jinin na kai hanci, na ce, "Ga warinta ma, kamar ɗakin da ɓera ya daɗe a ciki."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya sa hannu ya danne farantin ƙasa. Ya ce, "Kada ki ƙara. A ƙasar nan akwai abin da in kin shaƙa, kin ɗauka ke nan."

Na ce to.

Daga ranar ya ɗora ni a kan benci. Dakta Munir ya gani ya ƙyale, domin ya samu ma'aikaciyar gwaji a matsayin mai wanke-wanke. A kusurwar ɗakin akwai wani akwatin gilashi mai fanka da ke zuƙe iska, wanda ya kamata a riƙa sa hannu a ciki ana buɗe duk abin da ake tsoro. Fankar ta mutu tun kafin in zo. Mista Tomas ya yi ta rubuta takarda a gyara, ba a gyara ba, har aka mayar da shi ma'ajin kwalayen safar hannu.

A cikin watan nan ne Ihlas ta jawo ni bayan ƙofa, ta kama hannuna ta ɗora a kan cikinta. Idonta ya cika. Muka rungume juna muna ta hamdala. Tun daga nan nake karɓe mata duk wani aiki na tsayuwa, in ta ce tana sha'awar abu mai tsami in dama mata kunun tsamiya irin na gida.

Cikin yana wata huɗu Mista Tomas ya tafi birni na kwana huɗu sabunta takardunsa. Kafin tafiyarsa an kawo kwalbar jinin wani makiyayin raƙuma, a takardar ba a rubuta komai ba sai zazzaɓi. Kwalbar ta kwana huɗu a na'urar da ake sa kwalaben jini shiru, sai ranar da ya tafi ta yi ƙara, alamar wani abu ya tsiro. Na ɗebo na rina na duba a madubin duba ƙwayoyin cuta. Ƙanana ne ƙwarai, ja-ja dishi-dishi, kamar an watsa rairayi mai laushi. Na ce a raina, 'yar gidan jiya ce, Himofilus. Na shuka ta a faranti uku, a kan benci, a fili.

Kwana ɗaya babu komai. A na biyu sai ga ɗigo ƙanana masu sheƙi kamar raɓa. Abin da ya ɗaure mini kai, sun fito a farantin ɗanyen jini ma, ko'ina, ba tare da an ja musu layi ba. Da na tsaya na yi tunani a nan, da labarin nan bai zama labari ba. Amma hannuna ya riga hankalina. Na buɗe farantin na kai hanci na ja numfashi. Ban ji warin ɓera ba. Na sake ja. Na ɗauka mura ce ta toshe mini hanci.

Ihlas tana can ƙarshen ɗakin a kan na'urarta. Na ce, "Ihlas, zo ki ji mini wannan, hancin masu ciki ya fi kaifi."

Ta taso tana dariya, ta ce ita ba ta san aikinmu na masu noma ba. Na miƙa mata farantin a buɗe har kusa da fuskarta. Ta sunkuya ta shaƙa, ta ce, "Ni ban ji komai ba." Ta koma wajen aikinta.

Kwana biyu bayan haka Mista Tomas ya dawo. Ranar hutun Ihlas ce, ba ta zo ba. Na nuna masa gilashin da farantan. Ya duba madubi, ya duba takardar mara lafiyan, ya tambayi kwana nawa kwalbar ta yi kafin ta yi ƙara. Da na ce huɗu, sai ya ɗaura ƙyallen rufe hanci, ya ce in fita in tsaya a bakin ƙofa. Ta gilashin ƙofar nake kallonsa. Ya ɗauko wata 'yar kwalba mai abinci ruwan ɗorawa, ya ɗebi ɗan tsiron ya shafa a ciki, ya rufe ya ajiye, ya tsaya yana duban agogo. Ba a daɗe ba kwalbar ta fara juyawa, ta koma ruwan hoda jajir. Ya naɗe farantan da salatif, ya sa su a leda biyu, ya fito.

Ya ce, "Burusela ce, in ban yi kuskure ba. Mutanen nan zazzaɓin Malta suke ce masa. Daga ɗanyen nonon raƙumi da na akuya ake ɗauka, mu kuma ma'aikatan gwaji ta iska take kama mu. A ina kika buɗe su?"

Na ce a kan benci.

"Kin shinshina?"

Na sunkuyar da kai.

"Wa ke cikin ɗakin?"

Na ce Ihlas. Na ce ita ma na ba ta ta shaƙa. Ya jingina da bango ya rufe ido. Can ya ce, a hankali, "Rabi, ciwon nan yana zubar da ciki. A dabbobi ma da haka ake gane shi."

Muka je ofishin Dakta Munir tare. Ya saurare mu har ƙarshe, bai ɗaga murya ba. Ya ce za a aika samfurin babban ɗakin gwaji na gwamnati yadda doka ta ce, amma a rubuta cewa Mista Tomas ne ya yi aikin, a cikin akwatin gilashi, babu wanda ya shaƙa. Ya ce yau ɗin nan zai kira mai gyaran fankar. Mista Tomas ya ce to Ihlas fa, ai tana bukatar maganin rigakafi, kuma mai ciki ba kowane magani take sha ba, sai likitanta ya sani. Dakta ya ce shaƙa ɗaya ba lallai ta kama mutum ba, tayar mata da hankali ya fi hatsari. Sannan ya juyo gare ni.

Ya ce, "Ke ya kamata ki fi kowa yin shiru. A takarda mai wanke-wanke ce ke, ba ki da lasisin taɓa jinin kowa a ƙasar nan. In magana ta fita, ni tara za a ci ni, ke kuwa in an yi miki da sauƙi a kore ki. Na ji kina da marayu."

Bayan la'asar na kira Inna. Lokacin cirar gyaɗa ne a gida, na same ta a tsakar gida suna tsinka ita da yarana. Na ce ta shiga ɗaki. Na gaya mata komai, tun daga wanke-wanken har zuwa farantin.

Ta ce, "Ke 'yar nan, in ke ce mai cikin, me za ki so a yi miki?"

Na ce, "Inna, koro ni za su yi. Ban tara komai ba."

Ta ce, "Gidan ubanki rushewa ya yi?"

Duk da haka ban je a ranar ba. Wannan shi ne abin da har yau na fi jin kunyarsa. Sai da gari ya waye na tare Ihlas a ƙofar asibiti kafin ta shiga, na ja ta inuwar katanga na gaya mata. Tana saurare hannunta yana sauka a hankali har ya tsaya a kan cikinta.

Ta ce, "Yaushe kuka sani?"

Na ce jiya da safe.

Ta ce, "Jiya da safe. Kika yini da shi, kika kwana da shi." Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. "Shekara tara, Rabi. Ke kika fi kowa sani."

Ba ta shiga asibitin ba. Ta kira mijinta ya kai ta asibitin gwamnati da ke gari na gaba. Can suka ɗebi jininta, suka ɗora ta a kan maganin da mai ciki za ta iya sha, suka kuma sanar da hukuma. Bayan kwana uku masu bincike suka zo, maza biyu da mace ɗaya. An riga an kwashe kwalayen daga akwatin gilashin, an sa sabuwar fanka. Dakta Munir ya ce musu ni na shiga ɓangaren ba da izini ba, ranar da mai shi ba ya nan. Da aka kira ni na faɗi abin da na yi, ban rage ba. Ban yi zaton kowa zai tsaya mini ba. Amma Mista Tomas ya fito da kwafin takardun da ya yi ta rubutawa a kan fankar, ya ajiye a gabansu, ya ce, "Ni na ɗora ta a kan benci, kuma shugaba ya sani. Ta iya aiki. Kuskure ɗaya ta yi." Saura shekara biyu ya yi ritaya. Asibitin bai sabunta masa kwantiragi ba.

Aka rufe ɓangaren, aka dakatar da ni, aka ce ba zan bar ƙasar ba sai an gama bincike. Ni ma an ba ni maganin rigakafi na sati uku, amma duk sanda na sha sai amai, ga shi ba na iya cin abinci. Na yi kwana shida na ajiye, ban gaya wa kowa ba. A sati na shida zazzaɓi ya zo. Da la'asar yake sauko mini da sanyi har haƙorana su riƙa haɗuwa, da safe in tashi zanin gado sharkaf da gumi, jiki sakayau kamar ba ni ba, da la'asar kuma ya dawo. Sannan ƙuguna ya riƙe, sai da na koma sallah a zaune. Aka ɗebi jinina a asibitin gwamnati aka sa a irin kwalbar da na saba karɓa daga hannun wasu. A rana ta biyar ta yi ƙara.

Sati shida na yi ina shan magani iri biyu. Ɗaya daga cikinsu yana rina fitsari da gumi, har hawayena sai da suka koma kamar an ɗiga musu manja. Matan gidan ma'aikata suka riƙa kauce wa ƙofata, duk da sun san ciwon ba ya tsallakawa daga mutum zuwa mutum ta zama tare. Mutum ɗaya ce ke shigowa, matar Mista Tomas, Madam Meri. Ba ta jin Turanci sosai, ni ba na jin yarensu. Kullum da hantsi za ta zo da kunun shinkafa a kula, ta zauna ta tsare ni sai na shanye, ta ƙirga ƙwayoyin maganin a tafin hannuna ta ga na haɗiye. Kirista ce, amma in ta ji kiran sallar azahar ita ke tashi ta ɗebo mini ruwa a buta, ta riƙe ni in yi alwala.

A bakinta na ji. Wata rana ta shigo ta ajiye kular ba ta buɗe ba. Ta ce, "Ihlas," ta ɗora hannu a kan cikinta, sannan ta buɗe tafin hannun ta girgiza kai. Cikin yana wata shida. Namiji ne.

Daga baya Mista Tomas ya gaya mini cewa sau uku ana gwada jinin Ihlas, ba a taɓa ganin alamar ciwon a jikinta ba. Ya ce likitoci ba su san dalilin ɓarin ba. Ya ce kada in ɗora wa kaina abin da gwaji bai nuna ba. Na san abin da yake nufi, aikina ne. Amma na kuma san wata biyun da ta yi tana kwana tana tashi da fargaba, da magungunan da ta sha, duk daga hannuna suka fito.

Aka gama bincike, aka ci asibitin tara, ni kuma aka ba ni fasfona da takardar fita. Ana gobe zan tafi, da hantsi, ina ɗaure jaka, aka ƙwanƙwasa. Ihlas ce. Ta rame, lafayar ta yi mata yawa. Ba ta zauna ba. Na durƙusa a gabanta na ce, "Ihlas, don girman Allah ki yafe mini."

Ta dube ni a durƙushe. Sannan ta ce, "Likita ya ce ba ke ba ce. Mijina ma ya ce ba ke ba ce, Allah ne ya ba mu, shi ya karɓi abinsa. Ni ma na sani." Ta ja numfashi. "Amma in na rufe ido, hannunki nake gani da farantin. Ban san yadda zan yi da shi ba."

Na ce ba na neman ta manta.

Ta ce, "Da kin yi shiru, da ba zan taɓa sani ba, da har yau kina dama mini kunu. Na yi ta tunanin wannan." Ta sa hannu ta ɗago ni. "Na yafe miki, duniya da lahira. Ki tashi, ƙugunki ba shi da lafiya."

Ta ce su ma za su koma Sudan, ba za ta iya zaman garin ba. Ta rubuta mini lambar ƙanwarta a can. Na raka ta bakin ƙofa, ta tafi ba ta waiwayo ba.

Na dawo Tudun Kaya da jaka ɗaya da ɗingishi. Inna ba ta bari kowa ya yi mini tambaya ba. Bayan wata biyar na samu aiki a wani ƙaramin ɗakin gwaji a Rogo, nan nake har yanzu.

Bara da damina wani Bafulatani daga Falgore ya kawo matarsa Jumma a kan babur, sai da aka sauko da ita kamar jaririya. Wata huɗu tana zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, an yi mata maganin cizon sauro da na taifod ba adadi. Likita ya rubuta a sake gwajin taifod. Ina ɗaure mata hannu na tambayi mijin, "Malam, shanunku lafiya? Babu wadda ta yi ɓari a bana?"

Ya dube ni da mamaki. Ya ce uku, kuma ɗaya gwiwarta ta kumbura. Ya ce bakkale ne, ciwon shanu, me ya haɗa shi da mutum? Na ce wa ke tatsa, wa ke kwashe mahaifar in saniya ta zubar? Ya nuna matar.

Na je na samu likita na roƙe shi ya bari a shuka jininta. Ba mu da akwatin gilashi a Rogo, don haka ban buɗe komai ba. Na naɗe kwalbar, na rubuta abin da nake zargi da jan biro a jikinta da kuma a takardar, na shiga mota na kai ta Kano da kaina, na damƙa a hannun mai karɓa, na ce masa ya karanta jan rubutun a gabana. Kwana tara muka yi muna jira. Ita ce, Burusela.

Bayan wata biyu Jumma ta shigo ɗakin gwajin da ƙafarta, da ƙwarya a ka. Ta sauke ta ce, "Malama, ga nono. Na dafa madarar kafin in zuba, yadda kika ce. Duk rugarmu dariya suke yi mini." Na karɓa na yi godiya, na tambayi shanu da yara, ta tafi.

Da na tashi daga aiki na zauna a bakin masallacin mata na kira lambar ƙanwar Ihlas. Ina so in gaya wa Ihlas labarin Jumma, ko da ban san abin da zai amfana mata ba. Sau biyu kawai muka taɓa yin magana tun rabuwarmu, gaisuwa ce gajera, daga nan ƙasarsu ta rikice, layin ya daina shiga. Ranar ma bai shiga ba. Ban san ko tana raye ba, ban san ko Allah ya sake ba ta wani cikin ba. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina kira.